Tocilar Yaya Memuna

Rifkatu, wannan babin naki ne, ko da yake na san yayanki Ishaya zai riga ki karantawa, don ba ya ganin takarda a ajiye ya wuce. Ranar Kirsimetin da ta wuce muna cin tuwo, babanku yana ba da labarin shekarar korona yana ƙyaƙyata dariya, kamar ba shi ne ya rame har wando ya daina zama masa a ƙugu ba, sai kika ajiye cokali kika ce da Turancin nan naki mai kaifi:

"Mum wasn't there."

Na tashi na shiga kicin wai zan ƙaro miya. Na san abin da kike riƙe da shi a zuci tun kina 'yar shekara goma sha huɗu: na bar ki da ciwon sikila na tafi jinyar bare, kuma kin kira ni daga gadon asibiti ban ɗauka ba. Duka biyun sun faru, ba zan musa ba. Amma akwai abin da ba ki sani ba, kuma ni ce na hana a gaya miki. Bakina ya sha gwadawa ya kasa, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san a gidan wasa nake aiki, amma ba ki taɓa ganin aikin ba, don ba a shiga da yara wurin. Gidan caca ne a tsakiyar London, irin wanda baƙi 'yan yawon buɗe ido ke cika shi maƙil. A ƙasa ana caca, a sama kuma akwai dandali inda ake waƙa da rawa, don wanda aka cinye ya samu abin kallo kafin ya koma a ƙarasa shi. Matan zumunta a coci sun sha yi mini gori a kan wurin, ni kuwa na sha gaya musu cewa allura nake riƙewa ba kati ba. Aikina shi ne canza wa 'yan rawa kaya a bayan labule. Kada ki ɗauka irin canjin kayan da kike yi ne gaban madubi kina kallon waya. 'Yar rawa za ta faɗo miki da gudu cikin duhu, jikinta sharkaf da gumi, tana haki a fuskarki, kuma kafin mawaƙi ya kai ƙarshen baiti dole ki tuɓe mata riga, ki zura wata, ki ɗaura hular gashin tsuntsu, ki ja zif. Hannu biyu ba sa isa, balle a ce ɗaya na riƙe da fitila. Saboda haka kowaccenmu tana da 'yar ƙaramar tocila mai roba a gindi, wadda ake cizawa da haƙori, duk inda kika juya kai haske ya bi. Tunda baki a cike yake, ba a magana. In kin gama sai ki buga bayan yarinyar sau biyu da tafin hannu, ma'ana an gama, tafi. Wannan bugun ne na kawo gida ba tare da na lura ba. Kowace safiya ina ja miki zif ɗin rigar sanyi har wuya, don sanyi shi ne babban mai tayar miki da ciwo, in buga bayanki sau biyu, ki fice makaranta.

Wadda ta koya mini aikin ita ce Yaya Memuna, wadda kuke kira Anti. 'Yar zangon Kumasi ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, 'ya'yanta duk suna Ghana, ita kaɗai take zaune a wani ɗaki a Tottenham. Hausarta ta zango ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu, ni ma ɗan'uwa take kirana. Tana da wani lungu tsakanin akwatunan huluna inda take shimfiɗa ɗankwali ta yi salla, 'yan rawa rabin tsirara suna wucewa a kan yatsun ƙafa don kada su dame ta. Kullum akwai kanumfari a bakinta, wai yana kashe ɗanɗanon robar tocila.

Da watan Maris ya kama, maganar cutar ta cika ko'ina, amma gidanmu bai rage cika ba. Jirage na ta sauke mutane daga ƙasashen da ake nuna gawarwakinsu a talabijin, su kuma suna hawowa sama da kofuna a hannu suna tafi. Abin da manaja ya yi shi ne ya ajiye kwalbar man wanke hannu a bakin ƙofa, ya ce wasa ba ya tsayawa. Likitarki ta kira ni ta ce a nisanta ki da taro, don masu irin jininki in cutar ta kama ƙirjinsu abin ba ya zuwa da sauƙi. Daga ranar tsoro ya shige ni, ban ƙara cin abinci na ji daɗinsa ba. In na dawo gida a bakin ƙofa nake tuɓe kayan aiki in ƙulle a leda, in yi wanka da ruwan zafi har fatata ta yi ja, kafin in yarda in leƙa ɗakinki. Kina ce mini na cika zaƙewa.

Ranar wata Asabar, a wasan rana, abin ya faru. Ina canza wa babbar 'yar rawarmu kaya, wata doguwar yarinya 'yar Brazil, sai ƙugiyar rigarta ta maƙale a gashinta, kuma a daidai lokacin tocilata ta mutu. Duhu ɗum. Ina jin kiɗa na gabatowa inda za ta fita, yarinyar na tsalle a wuri ɗaya tana cewa in yi sauri. Yaya Memuna tana gefena, ta gama da tata. Ba ta tsaya wata-wata ba, ta zare tocilarta daga bakinta ta cusa a nawa. Mun sha yin haka, ni da ita da sauran, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa wani abu. Na cije, na ji ta da ɗumi da danshi da ɗanɗanon kanumfari, na warware ƙugiyar, na buga bayan yarinyar, ta fita aka ɓarke da tafi.

Da aka tashi wasan aka kunna fitilu, sai na ga Yaya Memuna zaune a kan kwandon takalma. Tunda na san ta ban taɓa ganin ta zauna a bakin aiki ba. Na taɓa goshinta, na janye hannu.

"Yaya Memuna, jikinki kamar murhu!"

"Ƙurar gashin tsuntsun nan ne, ɗan'uwa," in ji ta, tana danne tari da gefen mayafi. "Tun shekaranjiya shi ke damuna. Kada ka gaya ma madam, za shi yi sending ɗina gida."

Tun shekaranjiya. Har lokacin ɗanɗanon kanumfarinta na kan harshena. Na ruga banɗaki na kurkure baki da sabulun wanke hannu har na yi amai, ina yi ina sanin aikin banza nake yi. Ba kaina na tuna ba, Allah ya sani. Fuskarki kawai nake gani, da yadda leɓɓanki ke yin fari in ciwo ya tashi.

Madam, shugabar ɗakin kaya, ta ji tarin da kanta, ta ja da baya har ta buge da ƙofa, ta ce in kai ta gida. Na kai ta a tasi, na kwantar da ita, na ajiye mata ruwa, na kama hanyar gidanmu a Dagenham. A cikin jirgin ƙasa na tsaya a bakin ƙofa na juya wa mutane baya, ina numfashi cikin gyale. Duk tashar da muka tsaya sai in ce a raina zan san abin yi kafin ta gaba. Har na iso bakin shingen gidanmu da magariba ban san abin yi ba. Makulli na hannuna, ina hango hasken ɗakinki a sama. Na mayar da makullin jaka na kira babanku a waya.

"Baban Ishaya, fito waje. Amma ka tsaya a bakin ƙofa, kada ka matso."

Ya fito da silifas, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce:

"To shigo mana, Saratu. Ki kwana a falo, mu yi disinfecting ko'ina."

"Banɗaki nawa gare mu? Matakala nawa? Yarinyar nan in ta farka ruwa za ta sauko sha."

"Gidan Pasto fa?"

"Tsohuwarsa na nan, ka manta?"

Muka lissafa gidajen duk waɗanda muka sani, ɗaya bayan ɗaya, kowanne akwai tsoho ko jariri ko mai ciwon suga. Ki ji wannan da kyau, Rifkatu, don shi ne ainihin maganar. A duk faɗin London ƙofa ɗaya ce tak zan iya shiga ba tare da na ɗauki mutuwa na kai wa wani ba, ita ce ƙofar wadda ta riga ta kamu. Ban zaɓi Yaya Memuna a kanki ba. Ina ƙaunarta, kuma na yi jinyarta da zuciya ɗaya, amma da ina da tabbacin jikina a wanke yake, da a gadonki zan kwana ranar.

"Me zan gaya wa Rifkatu?" in ji babanku.

"Ka ce Anti Memuna ba lafiya, ba ta da kowa, na je taimaka mata."

"Ƙarya ke nan fa."

"Ina ƙaryar take? Ka rantse mini ba za ka ƙara ko kalma ɗaya a kai ba."

Ya rantse, ransa bai so ba. Dalilina kuwa kin san shi in kin tuna. Shekarar da ta gabata fargabar jarrabawa kaɗai ta kwantar da ke a asibiti. Damuwa na tayar miki da ciwo kamar yadda sanyi ke yi. In aka ce miki uwarki ta sa cutar nan a baki, cutar da kike kallo a waya dare da rana, me zai faru? Muna cikin haka kika buɗe tagar sama kika leƙo da 'yar rigar barci.

"Mum, why are you standing there? Come in!"

"Rufe tagar nan, ba ki jin sanyi?" na daka miki tsawa.

Kika rufe da ƙarfi. Babanku ya ajiye mini jakar kaya a kan shinge ya koma baya, na ɗauka na juya. Har na kai tasha ina cizon gyale don kada mutane su ji kukana.

Farkon makon aka turo mana saƙo cewa an rufe gidan wasa sai abin da hali ya yi. Ba namu kaɗai ba, duk gidajen wasan garin. Ni dai duniyata ta riga ta koma ɗaki ɗaya: gado, keken ɗinki, ƙaramin murhu, da taga mai kallon bayan wani shago. A ƙasa nake kwana, a kan wasu mayafan rawa masu ƙyalli da ta kawo gida za ta gyara. Ina dama mata koko tana kurɓa kaɗan ta ture. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne numfashinta. Na yi shekaru ina jin hakin 'yan rawa a kunnena, na san hakin da ke lafawa, wannan kuwa ba ya lafawa. Na kira layin asibiti, aka ce in ba ta magani in sa ido. Na sake kira, aka ce layi ya yi tsawo. Sai ranar da leɓɓanta suka canza launi motar asibiti ta zo, da mutane a naɗe cikin leda, ido kawai ake gani. Suka ce ba mai bin ta. Suna fita da ita a kujera ta ɗaga abin numfashin da suka sa mata ta ce:

"Saratu, ka rufe mini keken ɗinki. Ƙura."

Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan. A waya aka gaya mini ta rasu, a waya na gaya wa 'ya'yanta a Kumasi, wasu maza daga masallacinsu suka binne ta ba tare da ko ɗayanmu ya je ba.

Kafin nan ni ma cutar ta riga ta kama ni. Na gane ne ranar da na buɗe kwalbar daddawarta na kai hanci, na ji kamar ruwa na shinshina. Na zauna a ƙasa da kwalbar a hannu. Daga nan zazzaɓi, daga nan tari, daga nan ƙirjina ya yi nauyi kamar an ɗora mini turmi. Ga ni ni kaɗai a ɗakin mamaciya, carbinta a rataye a jikin gado, ina jin irin numfashinta yana fita daga bakina. Babanku yana ratso gari ya ajiye mini kula a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa ya gudu. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini a waya in riƙa kwanciya rub da ciki, haka nake yini.

Ina kwance haka da rana tsaka babanku ya kira, muryarsa ba daidai ba.

"Saratu, ciwon Rifkatu ya tashi. Baya da ƙafafu. Muna hanyar asibiti."

Ban san akwai tsoron da ya fi wanda nake ciki ba sai ranar. Cutar da na bar gidana don kada ta gan ki, ga shi an ɗauke ki an kai ki har inda ta yi sansani. Na yi ƙoƙarin tashi in sa takalmi, ban san ma ina za ni ba, na faɗi tsakanin gado da keken ɗinki. Na roƙi Allah da Hausa, na roƙe shi da yaren kakata wanda na ɗauka na manta. Na ce in rai ɗaya ake nema a gidan babanku Bitrus, ga ni nan a kwance, an huta da nema.

Sai kika fara kira, kuma kiran bidiyo. Wayar na ƙasa kusa da fuskata. Hotonki ya fito, wanda kike sanye da kayan makaranta kina murguɗa baki. A lokacin ba na iya haɗa kalma uku ban tsaya neman iska ba, kuma na ga fuskata a madubin Yaya Memuna da safe, ni kaina na tsorata. Na san in kika gan ni, ko kika ji muryata, kin gane komai, ga ki a kan gadon asibiti ana ƙoƙarin kwantar miki da jini. Na zuba wa hoton ido har wayar ta yi shiru. Kika sake kira. Kika sake. Kowane kira na gan shi, Rifkatu, babu wanda ya wuce ni. Da yatsa ɗaya na rubuta miki cewa hannuna a cike yake, zan kira anjima. Kika amsa da kalma ɗaya: "Fine." Babanku ya kira daga barandar asibiti yana faɗa, ya ce yarinya na kuka tana cewa uwarta ta fi son bare, ya ce zai gaya miki. Na tattara ɗan numfashin da ya rage mini na ce masa ya tuna rantsuwarsa. Gara ki yi fushi da ni kina da rai.

Allah ya ji, aka sallame ki ba ki kwaso komai ba, ni ma a hankali ƙirjina ya saki. Likita ya ce zan iya komawa gida, ban yarda da shi ba. Lokacin ba a gwada irinmu sai wanda aka kwantar, to wa ya tabbatar masa? Na ƙara makonni a ɗakin ina wanke abin da na riga na wanke. Ranar da na dawo, na rufe keken ɗinki da zane, na bar jakata da duk abin da ke ciki a kwandon shara. Kina zaune a matakala. Na buɗe hannuwa, kika ce "Hi, Mum," kika haye sama.

Gidan wasa ya daɗe a rufe, ya buɗe, ya sake rufewa, kafin ya buɗe sosai. Da aka kira mu, rabin 'yan rawa babu. Yarinyar nan 'yar Brazil ta koma jera kaya a kanti, ta ce ƙafafunta sun manta, ba ta dawo ba. Mai ganga ya zama direban kai saƙo. Asu ya cinye hulunan gashin tsuntsu a akwati. An rage canjin kaya, an ware tebura nesa da juna, tafin ma ya zama ƙwaya-ƙwaya kamar farkon ruwan sama a kan kwano. A ƙasa kuwa caca ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Aka raba mana tocilar goshi mai igiya, aka ce an hana ta baki har abada. Lungun sallar Yaya Memuna an jibge katan-katan na takunkumi a ciki. Na yi ɗan lokaci na ajiye aikin. Na ce wa mutane gwiwa ce, amma gaskiyar ita ce duk 'yar rawar da ta yi haki a fuskata sai in ƙame, hannuna ya kasa kama zif.

Za ki ce me ya hana ni gaya miki bayan komai ya lafa. Da farko ina jira ki ƙara ƙarfi. Daga baya kuma, duk lokacin da na buɗe baki sai in ji kanumfari a harshena, in fasa. Babanku kuwa, mutumin da ba ya iya ɓoye ko kyautar ranar haihuwa, wannan karon ya riƙe rantsuwa har ya wuce gona da iri. Kada ki ga laifinsa. Ni ma ba gafara nake nema ba, don da za a mayar da ni bakin shingen nan da makulli a hannu, juyawa zan sake yi. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne tsadar abin. Ranar da aka koma makaranta na kai hannu zan ja miki zif, kika ja da baya kika ce, "I can do it myself." Tun daga ranar hannuna bai ƙara taɓa bayanki ba, kuma yana yi mini ciwo har yau.

Yanzu ga shi za ki tafi karatu Scotland, inda aka ce sanyinsu ya ninka namu. Na saya miki rigar sanyi mai kauri, tana rataye a bayan ƙofar ɗakinki. Na san kin iya ja da kanki, kin daɗe da iyawa. Amma ranar tafiya, in kin karanta wannan kuma zuciyarki ta yarda, ki tsaya a bakin ƙofa ki bar zif ɗin a buɗe. Zan ja miki shi har wuya, ki juya mini baya, in buga sau biyu.